Jagorar Zaɓen Maikirokwanturola: Faɗin Bit Ko Ƙarancin Cin Wuta?

Duk wanda ya taɓa haɗa ƙaramar na'ura mai aiki da batir, ko ta auna danshin ƙasa a lambu ce, ko ta lura da ruwan tanki, ko ta kunna fitila idan mutum ya gifta, ya san cewa akwai tambayar da ke jiransa tun kafin ya narka dalma: wace maikirokwanturola zai sa a ciki? Maikirokwanturola ƙaramar kwamfuta ce da aka tattara a jiki ɗaya, wato sashen lissafi da ma'adanar manhaja da ma'adanar aiki da ƙafafun shiga da fita duk suna cikin ɗan baƙin abin nan da bai kai farcen yatsa ba. Masu sayarwa sukan nuna faɗin bit a matsayin ma'aunin daraja, su ce mai 32 ta fi mai 8, yayin da tsofaffin ma'aikata kan ce ƙarama ta fi jimirin batir. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma a ganina an fara tambayar ta inda bai kamata ba. Wanda ya fara da lissafin batir zai ga faɗin bit ɗin da yake bukata ya bayyana da kansa, kuma wannan jagorar ta bi wannan hanyar ce.

Abin da faɗin bit yake nufi

Faɗin bit shi ne girman lambar da sashen lissafi yake iya ɗauka ya sarrafa a umarni ɗaya. Bit 8 yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255, bit 16 yana kaiwa 65,535, bit 32 kuwa yana kaiwa 4,294,967,295. Wannan ba ya hana mai bit 8 yin lissafin manyan lambobi, sai dai takan yanka su gida-gida kamar yadda ɗan firamare yake haɗa lissafi yana riƙe saura a ka. Idan aka ba ATmega328P, wata maikirokwanturola mai bit 8, lambobi biyu masu bit 32 ta haɗa, sai ta yi umarnin haɗawa sau huɗu, ban da ɗauko su daga ma'adana da mayar da su, alhali Cortex-M0 mai bit 32 tana gamawa a umarni ɗaya.

Iyalan nan suna da tarihi mai tsawo. Intel ta fitar da 8051 mai bit 8 a 1980, kuma har yau ana ƙera jikokinta. Iyalin AVR ya samo asali ne daga aikin wasu ɗalibai biyu a birnin Trondheim na ƙasar Norway, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, kamfanin Atmel ya ƙera shi, sannan Microchip ta sayi Atmel a 2016. Texas Instruments ta tsaya a tsakiya da MSP430 mai bit 16, wadda aka gina ta musamman don tsimin wuta. Abin da ya sauya kasuwa shi ne zuwan Cortex-M3 daga kamfanin ARM a 2004, sai Cortex-M0 a 2009 da Cortex-M0+ a 2012, waɗanda suka sauko da bit 32 zuwa farashi da cin wutar da a da sai mai bit 8 ke iya kaiwa. Hatta Arduino, allon koyon haɗa na'urori da aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005 a kan AVR, ya koma bit 32 a allon Uno R4 na 2023.

Mataki na farko: rubuta yadda na'urar za ta yi wuninta

Kafin a buɗe takardar bayanan kowane kamfani, a ɗauki takarda a rubuta abin da na'urar za ta yi cikin awa 24, daki-daki. Sau nawa za ta farka, me za ta auna, wane lissafi za ta yi da abin da ta auna, ina za ta kai sakamakon, kuma tsawon wane lokaci kowanne zai ɗauka. A ƙarƙashin wannan sai a rubuta inda wuta za ta fito da kuma tsawon lokacin da ake so ta yi ba tare da an taɓa ta ba.

Idan amsar ita ce na'urar a jone take da wutar gida ko da babban batirin sola mai caji kullum, to rabin wannan jagorar bai shafe ta ba, domin bambancin miliamfiya (ma'aunin wutar da na'ura take ja) biyu ko uku ba zai taɓa bayyana ba. A irin wannan hali a zaɓi wadda ta fi sauƙin samu da sauƙin rubuta wa manhaja. Sauran matakan na wanda zai dogara da ƙaramin batir ne, musamman idan za a ajiye na'urar a wurin da zuwa canza batir yake da wahala.

Mataki na biyu: fitar da kasafin batir

Ana auna abin da batir ya ƙunsa da miliamfiya-awa. Batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, yana da bolt 3 kuma yana ɗauke da kimanin miliamfiya-awa 220. Batirin AA na alkalin yakan kai wajen 2,000 ko fiye idan ana jan wutarsa a hankali, shi kuwa 18650 na litiyam yakan kama daga 2,500 zuwa 3,500 idan na gaske ne. Shekara tana da awa 8,760. Idan aka raba 220 da 8,760 za a sami kimanin maikiro'amfiya 25, kuma maikiro'amfiya kashi ɗaya ne cikin dubu na miliamfiya. Ma'ana, na'urar da ake so ta shekara a kan CR2032 ba ta da izinin wuce maikiro'amfiya 25 a matsakaici, dare da rana. Idan shekara goma ake nema, kasafin ya sauka zuwa 2.5.

Ba a kashe kasafin nan duka. Batir yana zubar da wani abu da kansa ko ba a taɓa shi ba, ƙarfinsa yana sauka kafin ya ƙare ta yadda na'urar za ta iya tsayawa alhali da saura a ciki, kuma zafi yana gaggauta tsufansa. Ni nakan cire kashi ɗaya cikin huɗu tun farko in yi aiki da ragowar. Wannan lambar da ta rage ita ce za a riƙa auna kowane zaɓi da ita daga nan har ƙarshe, don haka a rubuta ta a saman takardar.

Mataki na uku: lissafa matsakaicin cin wuta

Nan ne gundarin al'amarin yake, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Na'ura mai batir tana rayuwa ne a hali biyu, farke da barci. Matsakaicin cinta shi ne abin da take ja a farke, a ninka shi da kason lokacin da take farke, sannan a haɗa da abin da take ja a barci. Lambobin da ke cikin misalan da ke tafe na ɗauke su ne don nuna yadda lissafin yake tafiya, kuma kowa zai maye gurbinsu da nasa.

A ɗauki na'urar auna danshin ƙasa da take farkawa duk minti goma, wato daƙiƙa 600, ta yi aiki na milidaƙiƙa 50 tana jan miliamfiya 4, sannan ta koma barci. Rabon farkawarta a matsakaici shi ne 4 sau daƙiƙa 0.05 a raba da 600, abin da ya ba da miliamfiya 0.00033, wato kimanin maikiro'amfiya 0.33. Idan tana jan maikiro'amfiya 5 a barci, jimilla ta zama 5.33, kuma CR2032 zai kai ta fiye da shekara huɗu da rabi a lissafin takarda. Yanzu a ce an sa mata mai bit 32 mai sauri da ta rage lokacin aiki zuwa rabi ba tare da ƙarin ja ba. Ribar da aka samu ba ta wuce maikiro'amfiya 0.17 ba, abin da ba zai ƙara ko wata uku ba. Amma idan aka bar sashen lissafin yadda yake aka sauke cin barci daga 5 zuwa 1, jimilla ta koma 1.33, rayuwar batir ta ninka sau huɗu, har ma batirin ya tsufa da kansa kafin na'urar ta shanye shi. Ga irin wannan aikin, faɗin bit ba shi da wani tasiri, barci ne yake yanke hukunci.

Sai a ɗauki wata na'urar dabam, wadda aka manna a jikin injin ban ruwa don ta saurari girgizarsa ta gano lalacewa tun kafin ta yi nisa. Ita takan ɗauki ɗaruruwan awo duk daƙiƙa, ta tace su da lissafin ninkawa mai yawa. A ce mai bit 8 tana jan miliamfiya 3 amma tana ɗaukar milidaƙiƙa 400 cikin kowace daƙiƙa kafin ta gama, mai bit 32 kuma tana jan miliamfiya 6 amma tana gamawa a milidaƙiƙa 40. Wanda ya dubi cin farke kawai zai ce ta farkon ta fi tsimi da ninki biyu. Lissafi ya nuna akasin haka, domin matsakaicin ta farkon miliamfiya 1.2 ne, na ta biyun 0.24. A kan batir mai miliamfiya-awa 2,000, ta farkon za ta yi kwana 69, ta biyun kuwa kwana 347. A nan faɗin bit da kansa ne ya zama hanyar tsimin wuta, domin ta gama da wuri ta kwanta.

Waɗannan misalai biyu sun isa su nuna dalilin da ya sa jayayyar take daɗewa ba a rabu ba: kowane ɓangare yana magana ne a kan irin aikin da ya saba. Abin da ya dace a auna shi ne wutar da aiki guda ya ci daga farkawa zuwa komawa barci. A kan wannan tunanin ne ƙungiyar EEMBC ta gina ma'auninta na ULPMark, inda ake sa maikirokwanturola ta farka sau ɗaya a daƙiƙa ta yi wani ƙayyadadden aiki ta koma barci, a auna abin da ta ci gaba ɗaya.

Akwai kuma abu na uku da yakan rinjayi duka biyun, wato rediyo. Idan aka ƙara wa na'urar danshin nan rediyon LoRa irin SX1276 na kamfanin Semtech, wanda yake jan kimanin miliamfiya 120 idan yana aikawa da cikakken ƙarfinsa, kuma aka aika saƙo na milidaƙiƙa 200 sau ɗaya a awa, wannan kaɗai ya ƙara maikiro'amfiya 6.7 a matsakaici, fiye da duk abin da na'urar take ci a da. ESP32, wata mai bit 32 da ke da Wi-Fi a jikinta, takan ja har wajen miliamfiya 240 lokacin aikawa ta Wi-Fi, shi kuwa SIM800L mai amfani da layin waya yakan fizgi amfiya 2 na ɗan ƙanƙanin lokaci. Batirin CR2032 ba zai iya ba da irin wannan fizgar ba ko da yana cike, saboda an yi shi ne don a riƙa shan sa kaɗan-kaɗan. Wanda na'urarsa take da rediyo ya fi cin riba idan ya rage yawan saƙonni da tsawonsu, ya tara awo goma ya aika su tare, a kan ya ɓata lokaci wajen kwatanta sassan lissafi.

Mataki na huɗu: gwada ko aikin yana bukatar faɗi da gaske

Alama ta farko ita ce girman lambobi. Sashen awo na ATmega328P yana da bit 10, wato yana ba da lamba daga 0 zuwa 1,023. Ana iya tara awo 64 a cikin lamba mai bit 16, domin 64 sau 1,023 ya ba da 65,472, ya rage kaɗan a kai iyaka, amma awo na 65 zai iya sa ta zube ta koma ƙasa. Duk aikin da ya tsaya a wannan fagen, na karanta awo da kwatanta shi da wata iyaka da kunna wani abu ko kashe shi, mai bit 8 za ta yi shi cikin natsuwa. Idan kuwa aikin ya ƙunshi lambobi masu ɗigo da yawa, ko tace sauti, ko lissafin matsayi, sai a dubi sama. A nan ma bit 32 ba iri ɗaya ba ne. Cortex-M0 da M0+ ba su da umarnin rabawa, sai manhaja ta yi shi a hankali. Cortex-M3 tana da shi. Cortex-M4 mai sashen lambobi masu ɗigo ita ce take yin irin wannan lissafin kai tsaye. Haka a ɓangaren bit 8, ATmega328P tana da sashen ninkawa mai gamawa a bugu biyu na agogon cikinta mai tsara saurin aikinta, ATtiny85 kuwa ba ta da shi.

Alama ta biyu, wadda a aikace ta fi ta farkon saurin tilasta wa mutum sauya zaɓi, ita ce ma'adanar aiki da ake kira RAM. ATmega328P tana da kilobayit 2 kacal, tare da kilobayit 32 na ajiyar manhaja. Ɗan allon nuni na SSD1306 mai ɗigo 128 sau 64 yana bukatar bayit 1,024 idan za a riƙe hotonsa gaba ɗaya, rabin ma'adanar ke nan. Katin SD kuma ana karanta shi da rubuta shi a dunƙulen bayit 512. Wanda ya haɗa allon nunin da katin a kan Uno mai ATmega328P ya riga ya kashe kashi uku cikin huɗu kafin ya rubuta layin farko na nasa aikin, kuma irin kurakuran da ƙarancin ma'adana yake haifarwa suna da wuyar ganewa, domin na'urar takan yi aiki lafiya na kwanaki sannan ta rikice ba gaira ba dalili. STM32F103C8 tana da kilobayit 20, RP2040 ta allon Raspberry Pi Pico na 2021 tana da 264, ESP32 tana da 520. Sau da yawa wanda yake cewa yana bukatar bit 32, abin da yake bukata a zahiri shi ne wannan fili, sai dai kasuwa ta haɗa su a jiki ɗaya.

Alama ta uku ita ce sadarwa mai tsaro. Idan na'urar za ta yi magana da intanet ta hanyar da aka ɓoye saƙo, irin TLS, tana bukatar gomman kilobayit na ma'adanar aiki da kuma lissafin manyan lambobi ƙwarai. Wannan fagen bit 32 ne, kuma ban ga amfanin wahalar da kai da mai bit 8 a cikinsa ba. Haka Bluetooth mai ƙarancin wuta, inda irin su nRF52832 na kamfanin Nordic suka haɗa rediyo da Cortex-M4 a jiki ɗaya.

Idan babu ko ɗaya daga cikin alamun nan uku, ba a bukatar faɗi. Ana iya zaɓen mai bit 32 saboda araha ko saboda an saba da ita, kuma hakan hujja ce mai kyau, tunda CH32V003 na kamfanin WCH, mai tsarin RISC-V, ya shigo kasuwa a kan kimanin santi goma na dalar Amurka. Sai dai a lura cewa ma'adanar aikinsa kilobayit 2 ce, daidai da ta ATmega328P, abin da yake ƙara tabbatar da cewa faɗi da fili abubuwa biyu ne mabambanta.

Mataki na biyar: karanta takardar bayanai da idon basira

Shafin farko na takardar kowane kamfani yana ɗauke da mafi kyawun lambobinsa. Na ATmega328P ya ce miliamfiya 0.2 a farke, maikiro'amfiya 0.1 a barci mafi nauyi, da 0.75 idan an bar agogon ƙirga lokaci yana tafiya, amma an auna su ne a saurin agogo na megahaz 1 da bolt 1.8 da zafin digiri 25. Na MSP430G2553 ya ce maikiro'amfiya 230 a megahaz 1 da bolt 2.2, da 0.5 a jiran farkawa, kuma tana farkawa cikin ƙasa da maikirodaƙiƙa ɗaya. Na STM32L053 mai bit 32 ya ce maikiro'amfiya 88 ga kowane megahaz, da 0.8 a barci tare da agogo da riƙe ma'adana. Idan aka jera su, za a ga bit 8 da 16 da 32 duk suna kwana a ƙasa da maikiro'amfiya ɗaya, muddin an zaɓi iyalin da aka ƙera don tsimi. ESP32 kuwa takan ja wajen maikiro'amfiya 10 a barcinta mai nauyi, wanda ya isa ga batirin 18650 amma ya yi yawa ga kasafin shekara goma a kan batirin kwabo.

Ga kowane irin barci da aka lissafa, a nemi amsar abubuwa uku: me ya rage a kunne, me zai iya tashin ta, kuma ma'adanar aiki tana tsira ko tana gogewa. Barcin da ya fi kowanne arha yawanci shi ne wanda ba abin da zai tashe ta sai sigina daga waje, ko kuma wanda idan ta farka sai ta fara manhaja daga tushe. Na'urar da za ta tashi kanta duk minti goma dole ta bar wani agogo a kunne, don haka lambar da ta shafe ta ita ce ta barci mai agogo.

Sai batun bolt. Wutar da sashen lissafi yake ci yayin aiki tana tafiya ne da saurin agogo da kuma bolt da aka ninka da kansa. Saukowa daga bolt 5 zuwa 3.3 yana barin kimanin kashi 44 cikin ɗari na cin farko, saukowa daga 3.3 zuwa 1.8 kuma yana barin kimanin kashi 30. Amma ƙarancin bolt yana rage saurin da aka yarda da shi. ATmega328P tana kaiwa megahaz 20 daga bolt 4.5 zuwa sama, megahaz 10 daga 2.7, da megahaz 4 kacal a 1.8. Shi ya sa allon Pro Mini mai bolt 3.3 yake tafiya a megahaz 8, ba 16 irin na Uno ba.

Batun zafi ya fi shafar mu fiye da yadda takardun suke nunawa a shafin farko. Yawancin abin da maikirokwanturola take ci a barci yoyo ne da yake ratsa tiransistocinta ko da a kashe suke, kuma wannan yoyon yana ƙaruwa sosai da zafi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inuwa ma takan haura digiri 40, balle cikin rufaffen akwatin roba da rana ta doka tun safe. Saboda haka a wuce shafin farko a nemo teburin da ya nuna cin barci a digiri 55 ko 85, a yi lissafi da shi. A ƙa'ida, yawan ma'adanar da ake riƙewa a barci yana ƙara yoyo, kuma wannan wuri ne da ƙaramar maikirokwanturola mai 'yan tiransistoci take da fifiko na gaske.

Mataki na shida: farauto masu shan wuta a kan allo

Mafi yawan na'urorin da batirinsu yake mutuwa da wuri ba maikirokwanturola ce ta kashe su ba. Allon Arduino Uno yana jan kusan miliamfiya 50 ko da ba ya yin komai, saboda akwai wata maikirokwanturola ta biyu mai kula da USB, ga fitilar nuna wuta, ga regileta, wato abin da yake daidaita bolt ɗin da allon yake samu. A kan batir mai miliamfiya-awa 2,000 wannan awa 40 ne kawai, alhali ita ATmega328P ɗin da ke kansa, idan aka ciro ta aka kwantar da ita yadda ya kamata, za ta shekara da shekaru a kan batirin. Allunan koyo an yi su ne don tebur.

Regileta ita ce ta farko da za a bincika. AMS1117, wadda ake samu a kan alluna masu araha da yawa, tana shan kimanin miliamfiya 5 don kanta, abin da zai shanye wancan batirin cikin kwana 17 ko da komai yana barci. MCP1700 tana yin aikin da kimanin maikiro'amfiya 1.6. Idan batirin ya faɗa cikin iyakar bolt da maikirokwanturolar take karɓa, a cire regiletar gaba ɗaya. Nan ma masu bit 8 da yawa suna da sauƙi, domin suna aiki daga bolt 1.8 har 5.5, yayin da yawancin iyalin STM32 ba sa wuce 3.6, wanda batirin litiyam mai cikakken caji a bolt 4.2 ya haura shi.

Bayan regileta sai razistoci, wato ƙananan kayan da suke taƙaita wutar da ke wucewa. Razista mai om 10,000 da aka sa don riƙe ƙafar maikirokwanturola a sama, wato a jone da wutar batir, idan makunnin da ke jikinta ya zauna a rufe, tana zubar da maikiro'amfiya 330 a bolt 3.3, kuma ita kaɗai za ta gama da CR2032 cikin kwana 28. Razistoci biyu masu om 100,000 da aka jera don auna ƙarfin batirin litiyam suna shan maikiro'amfiya 21 ba dare ba rana, kusan duk kasafin shekara na batirin kwabo. Maganinsu shi ne a ƙara girmansu, ko a riƙa ba su wuta ta tiransista lokacin awo kawai. Haka za a yi wa sensa: a ba ta wuta daga ƙafar maikirokwanturola idan cinta kaɗan ne, a jira ta daidaita, a karanta, a yanke.

A cikin manhaja kuma, kafin barci a kashe sashen awo, domin a ATmega328P idan aka bar shi a kunne yana ci gaba da sha ko a barci mafi nauyi. Mai gadin faɗuwar bolt, wato sashen da yake tsayar da ita idan bolt ya yi ƙasa, shi ma yana cin kimanin maikiro'amfiya 20, kuma ana iya kashe shi na tsawon barci. Ƙafafun da ba a amfani da su kada a bar su suna reto, a ɗaure kowace sama ko ƙasa. Umarnin jira irin wanda masu koyo suke sawa tsakanin awo da awo ba barci ba ne, domin sashen lissafi yana farke yana zagaye yana cin cikakkiyar wuta.

Mataki na bakwai: auna da mita

Lissafin takarda yana nuna hanya, amma sai an auna ake tabbatarwa. A sa mita a tsakanin batir da na'ura, a rubuta ƙaramar manhaja da ba ta yin komai sai barci, a karanta. Idan lambar ta ninka abin da takarda ta ce sau goma, a riƙa cire kaya ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ya sa ta faɗi. Mita ta gama-gari tana da wata matsala a ma'aunin maikiro'amfiya, domin razistar cikinta babba ce, ta yadda idan na'urar ta farka ta ja miliamfiya da yawa sai bolt ya faɗi ta sake tashi daga farko. Dabarar ita ce a haɗa ƙafafun mitar da guntuwar waya yayin da na'urar take farke, a cire wayar bayan ta kwanta. Wanda ya sami kayan awo irin Power Profiler Kit II na Nordic zai ga farkawa da barci a zane ɗaya tare da matsakaicinsu.

Lokacin farke kuma ana auna shi ta hanyar ɗaga wata ƙafa a farkon aiki a sauke ta a ƙarshe, a duba tsawon da na'urar ganin sigina. Idan har yanzu ana shakka tsakanin maikirokwanturola biyu, a rubuta aikin nan guda a kan kowace, a auna lokaci da ja, a ninka su, a kwatanta. A bar na'urar kuma ta wuni a rana cikin akwatinta a sake karanta cin barcin da la'asar.

Idan awo ya nuna duka biyun sun shiga kasafi, sai a duba abin da hannu zai iya. ATmega328P tana zuwa a jiki mai ƙafa 28 da ake sokawa a rami a yi mata dalma da kayan aiki na yau da kullum, yayin da yawancin masu bit 32 suke zuwa da ƙafafu ƙanana matsattsu ko ma a ɓoye a ƙarƙashinsu. A duba ko ana samun ta daga fiye da mai kawo kaya ɗaya, domin ƙarancin da aka yi a duniya daga 2020 zuwa 2022 ya tsayar da ayyuka da dama da suka dogara da samfuri guda. Don haka tun farko a rubuta manhaja ta yadda za ta iya ƙaura: a ware sashen da yake taɓa ƙafafu da agogo a wuri ɗaya, kuma a riƙa faɗin girman kowace lamba a fili da irin su uint16_t da uint32_t. Dalili shi ne lambar da aka kira int tana da bit 16 a kan Uno mai ATmega328P, inda take tsayawa a 32,767, amma tana da bit 32 a kan Cortex-M, kuma lissafin da ya tafi daidai a kan babbar zai iya zubewa shiru a kan ƙaramar ranar da aka mayar da shi can.